Rigar Ƙanƙara a Kasuwar Ɗambatta: Wace Lamba ce Tamu?

Bara da hunturu kawuna ya sayo wata jar riga a kasuwar Ɗambatta, irin mai kumburin nan da in mutum ya sa sai ka rantse ƙiba ya yi cikin dare ɗaya. Noman rani yake yi a gindin dam ɗin Tomas, ban ruwan alkama da albasa kuwa ba ya jiran hantsi, saboda haka ana sallame asuba yake murza babur. Na karɓi rigar ina jujjuya ta. A hannun hagu, dab da wuyan hannu, akwai wani ɗan aljihu mai zif wanda ko waya ba za ta shiga ba, nan yake cusa canjin mai. Ta ciki, daidai ƙugu, an ɗinka wani siririn ƙyalle mai roba da maɓallai, wanda ya ce shi dai bai ga amfaninsa ba, zai kai wa tela ya yanke. A takardar wuya kuwa an buga 10,000mm.

"Kawu, kun san ko rigar mece ce wannan?"

"Rigar sanyi mana. Mai kayan ya ce lamba dubu goma ce, duk rumfar babu wadda ta kai ta."

Mai kayan bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi dubu goman ta mece ce ba, wataƙila shi ma ba a faɗa masa ba. Rigar 'yan zamiyar ƙanƙara ce. Ɗan aljihun na katin shiga ne, wanda mai wasa ke kara wa na'ura kafin ya hau kujerar da waya ke ja zuwa kan dutse. Ƙyallen ƙugun kuma don in mutum ya faɗi kada dusar ƙanƙara ta shige masa ta ƙasa. Don duwatsun Turai aka ɗinka ta, inda ake wuni a digiri 5 ko 10 ƙasa da sifili, sai ga ta a bakin kwamin albasa. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Duk wanda ya ratsa layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai daga Nuwamba zuwa Janairu, ko ya ci kasuwannin Bichi, Ɗambatta da Tsanyawa, ya ga 'yan'uwanta a rataye, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, wasu kamar yau aka ciro su daga leda.

Dalilin sabuntarsu lissafi ne mai sauƙi. Baturen da zai je hutun ƙanƙara karo na farko yawanci mako guda yake yi, kwana 6 a kan dutse, sauran na zuwa da dawowa. In ya sayi riga yuro 120, a misali, kowace rana ta ci masa yuro 20 ke nan muddin bai sake komawa ba, kuma ba kowa ke komawa ba. Wani ya gurɗe, wani ya ga harkar ba tasa ba ce, yaro kuma kafin baɗi ya fi ƙarfin tasa. Shi ya sa ko a can shawarar da ake ba sabon shiga ita ce ya ara, ko ya yi haya, ko ya sayi ta hannu. Wadda aka saya aka jingine sai ta faɗa akwatin sadaka, daga nan masu tace tsofaffin kaya, daga nan dila, daga nan jirgin ruwa. Mu kuwa a lissafin taurari da malamai da tsofaffin manoma ke bi, kowane yanayi taurari 7 gare shi, kowane tauraro kwana 13, wato lokacin ɗari kwana 91 ne. Sawar da mai rigar na farko zai yi mata a shekara 15, kawu zai yi ta a hunturu ɗaya.

To, dubu goman fa? Ga yadda ake samo ta. A shimfiɗa ƙyalle, a kafa bututu a kansa, a yi ta ƙara ruwa har sai ɗigo ya ɓullo ta ƙasa. Tsayin ruwan a wannan lokaci shi ne lambar. Milimita 10,000 mita 10 ce, wajen gaba biyar da rabi, zurfin rijiyar wani ƙauyen. Akwai mai 5,000, akwai mai 20,000 ta masu kwana a kan dutse. Ma'aunin hana ruwa ne, ba ruwansa da ɗumi. Tamfol ma zai ci wannan jarrabawa. Ruwan sama kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, abin da ake aunawa a ƙasar Kano sifili ne, ko abin da bai fi sifili da komai ba. Kuɗin hana ruwa muke biya a watannin da ko yayyafi ba a yi. Wani zai ce ai za ta yi amfani da damina. Ya gwada sa riga mai auduga ninki biyu a watan Agusta ya ba ni labari. Mai ban ruwa kuma ba daga sama ruwa ke jiƙa shi ba, daga ƙasa ne, takalmin roba ya fi masa wannan lamba amfani.

Wani lokaci akwai lamba ta biyu kusa da ta farkon, 5,000g ko 10,000g. Wannan ta fi kusa da mu. Tana nufin giram nawa na tururin gumi ke iya fita ta murabba'in mita ɗaya na ƙyallen cikin awa 24. Mai aikin ƙarfi yakan zubar da gumi rabin lita zuwa lita guda a awa, in rigar ba ta fitar da shi, a jiki zai tsaya. Ruwa kuma yana zuƙe zafin jiki wajen ninki 25 na yadda iska ke zuƙa. Na ga abin da idona. Kafin ƙarfe takwas kawu ya ja tiyo, ya buɗe kwami goma, ya jiƙe sharkaf ta ciki, sai ya tuɓe jar rigar ya rataye a jikin injin. Iska ta bugi jiƙaƙƙiyar taguwa, nan take jiki ya ɗau ɓari. Rigar da aka saya don sanyi ita ta shirya masa sanyin.

Lambobinmu na gida daban suke. Matsakaicin sanyin asuba a Kano a Disamba da Janairu yana wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, akwai kuma dararen da yake sauka ƙasa da 10, musamman a fadama da bakin dam, inda sanyi ke kwanciya kamar ruwa a kwari. Ruwa ba ya daskarewa sai a sifili. Duk mita 1,000 da aka hau sama zafi yakan ragu da digiri 6.5, ke nan kafin asubarmu ta kai sifili sai an ɗaga birnin Kano, wanda tsayinsa bai kai mita 500 ba, an ƙara masa mita 2,000, ya haura Chappal Waddi na Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419. Wannan hira ce kawai. Lambar da ta dame mu ba 13 ba ce, tazarar da ke tsakaninta da azahar ce, lokacin da zafi ke kai 29 ko 30. Digiri 16 ko 17 cikin awa takwas. Mutum ɗaya, a gona ɗaya, zai yi rawar ɗari da asuba, ya nemi inuwar ɗorawa da rana. Mai zamiyar ƙanƙara wuni yake cikin sanyi, rigarsa don wuni aka yi ta. Namu sanyin ɗan safe ne da ɗan dare.

Sai iska. A 2001 hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka fitar da lissafin da ake amfani da shi yanzu wajen auna yadda iska ke ƙara wa sanyi kaifi a fata. In ma'auni ya nuna digiri 10, iska mai gudun kilomita 20 a awa za ta sa jiki ya ji kamar 7. A kilomita 40 ya ji kamar 6, a kilomita 60 kamar 5. A lura da yadda lambobin suka jeru: kilomita 20 na farko sun cinye kusan digiri 3, ƙarin 40 da suka biyo baya digiri 2 kacal suka ƙara. Ashe ba sai mai tsala gudu ba. Mai keke da ya ɗauro kayan miya zai kai kasuwa, da yarinyar da ta fito talla iskar gabas na kaɗawa, sun riga sun sha mafi yawan dukan. Ɗan acaɓan da ke juya jaket ya sa ta gaba a baya, ko ya cusa kwali a ƙirji, bai karanta wannan lissafi ba amma ya ci shi. Abin da yake nema ƙyallen da iska ba ta ratsawa, kuma a nan ne kaɗai zan yaba wa dubu goman kawu, don ƙyallen da ya hana ruwa ya hana iska. Sai dai siririyar jaket mara auduga ma tana yin wannan aiki, a kaso kaɗan na kuɗin.

Ɗumi yana da nasa ma'aunin, sai dai ba a buga shi a wuyan riga. Sunansa kulo. Masana uku, Gagge da Burton da Bazett, suka ƙirƙiro shi a 1941: kulo ɗaya shi ne tufafin da za su ishi mutumin da ke zaune ba ya aikin komai a ɗaki mai digiri 21, kimanin cikakken kwat da wando na ofis tare da kayan ciki. Injiniyoyin gine-gine suna da jadawalin kowace tufa. Riga da wando marasa kauri suna tsakanin 0.5 da 0.6. Rigar ciki mai dogon hannu 0.2 ce. Suwaita mai kauri wajen 0.35. Siririyar jaket 0.25. Babbar rigar sanyi mai hula, irin ta kawu, wajen 0.7. Ga mai zama wuri ɗaya, kowane 0.1 yana daidai da kusan digiri 0.6 na ɗumi.

Yanzu a tara. Rigar ciki da suwaita da siririyar jaket: 0.2 da 0.35 da 0.25, sun ba da 0.8. Ƙananan uku sun ɗara babbar ɗaya, wajen digiri 5 a kan digiri 4. Ba mamaki, don ba zare ne ke ba da ɗumi ba, iskar da ta maƙale a cikin tufa da tsakanin tufa da tufa ce. Kakanninmu da ke ɗora babbar riga a kan taguwa, su naɗa rawani, su yafa gwadon da masaƙan Minjibir da kewaye suka saƙa, wannan hikimar suke bi. Amma babbar ribar ukun ba a jimlar take ba, a cirewa take. Da hantsi ka tuɓe jaket ka sauko 0.55, rana ta ɗaga ka tuɓe suwaita ka sauko 0.2, magariba ta yi ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Babbar rigar kuwa magana biyu ta sani, ko 0.7 ko babu. A ƙasar da ke da tazarar digiri 16 a wuni, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Akwai wata lambar da ake ɗinkawa a bakin hannun rigunan da aka cusa wa gashin agwagwa ko na dinya: 550, 600, 700, har 800. Tana nufin yadda gashin ke kumbura. Mai 600, giram 28 na gashinsa zai cika wuri mai girman kusan lita 10, bokiti guda ke nan. Lambar ta ranar da aka ɗinka rigar ce. Bayan shekaru, da wanki, da matsar da injin ɗaure dila ya yi mata, hannu ne alƙali: ka damƙe ta ka saki, in ta taso ta cika tana da rai, in ta kwanta kamar tsumma ta mutu, ko da 800 aka rubuta. Rigunan ulun roba masu laushi kamar bargon jarirai kuma ana kasa su 100, 200 da 300, nauyin murabba'in mita ne a giram. Mai 200 ta ishe mu.

Takardar da ta faɗi irin zaren ita ce ba na so a tsallake, saboda mu mutanen jin wuta ne. Zaren roba irin su foliyesta da nailan suna narkewa a tsakanin digiri 220 da 260, garwashi kuwa ya ninka haka. Ulun tumaki na gaske da wuya ya kama, in ya kama ma yakan mutu da kansa. Na roba kuwa narkewa yake ya manne a fata. Rigar zamiyar ƙanƙara kusan dukkanta roba ce, ciki da waje. Yaron da ya sa ta ya durƙusa gaban wutar kara da asuba, ko almajiri a bakin wutar karatu, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta, abin da ya fi tartsatsi kuwa sai dai Allah ya kiyaye.

Mu koma kuɗi, inda rigimar take. Ɗan gwanjo ba riga yake saya ba, nauyi yake saya. Dila takan zo a kilo 45 ko 55, a ɗaure, ba a buɗewa sai an biya. Babbar rigar sanyi ta manya takan yi kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In aka ɗauki 1.2, dila mai kilo 45 riguna 37 ce. Suwaita mai giram 400, guda 112. Kayan yara masu giram 250, guda 180. Kowane irin kaya da farashin dilarsa, amma kuɗin jirgi da na mota da na hanya a kan nauyi da girma suke hawa, saboda haka tun kafin a fasa dila babbar riga ta riga ta ɗauki kason suwaita uku.

Bari mu ƙaddara, don lissafi kawai, cewa dilar manyan riguna ta tsaya wa mai ita naira 300,000 har rumfa. Kowace riga ta tashi 8,100. Amma ba haka ake sayarwa ba. Da aka fasa, a ce 7 ne na gani na faɗa, 20 matsakaita, 10 kuma masu mataccen zif, da tabo, da yagewar aljihu. In ya sayar da bakwan nan 20,000 kowace, ya sami 140,000. Matsakaitan a 9,000 sun ba da 180,000. Na ƙasan a 3,000, 30,000. Jimla 350,000, riba 50,000, ƙasa da kashi 17 cikin 100, kafin a cire kuɗin mota zuwa kasuwanni da abin da zai yi kwantai. Abin dubawa shi ne riguna 7, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na dilar, su suka ɗauko kashi 40 na cinikin. Wanda ya sayi jar riga mai lamba, shi ke biyan bashin yagaggun. Shi ya sa in ka taya ta, "albarka" za ka yi ta ji har ka gaji, alhali in ka sunkuya kan tarin matsakaita, taya biyu ake sallama maka.

Me ya sa dilar kanta ta yi tsada? Da dala ko yuro ake sayo ta. Kafin 14 ga Yunin 2023, ranar da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wajen 750 a hannun 'yan canji, inda mafi yawan 'yan kasuwa ke saye. A 2024 ta zauna a kewayen 1,500. Kayan dala 100 da ke cin 75,000 sun koma 150,000, ba tare da an ƙara ko safa ɗaya a ciki ba. Man fetur, bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya tashi daga wajen naira 190 zuwa kewayen 1,000 a ƙarshen 2024. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, Kano ta sa nata 71,000, amma a dala saukowa ya yi, daga 65 a tsohon farashin gwamnati zuwa wajen 47. Manomi kuwa ko wannan albashin ba shi da shi.

Ga kuma hanya. A takarda, tufafin gwanjo suna cikin kayan da dokar kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su kwata-kwata. A aikace ta Kwatano da Lome suke sauka, wasu su zagayo ta Maraɗi, kuma sefar da ake biya a can a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro, ba ta faɗi tare da naira ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, wata 16. An sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulkin Yamai, ko bayan nan kuma Nijar ta ci gaba da toshe gadar Gaya da ta haɗa ta da Benin. Kowane zagaye da kowane shinge a wuyan rigar yake ƙarewa.

Da irin wannan tsada, hankali yakan karkata ga tarin 3,000. Na taɓa faɗawa. Wata shekara na tsinci baƙar jaket a wata rumfa da yamma, kasuwa na watsewa, ban ko ja zif ɗin ba don murnar araha. Mako biyu zif ya baɗe. Shafen da ke cikin ƙyallen kuma ya fara ɓarɓashi yana zubo mini a kafaɗa kamar amosani, har wani abokin aiki ya ba ni shawarar man kai. Wata guda na jefar. A lissafin misalinmu, 3,000 a kwana 30 naira 100 ce kullum. Mai 9,000 in ta yi hunturu uku, kwana 273, naira 33 ce kullum. Mai 20,000 a kwana 273 naira 73 ce. Wadda ta fi kowacce araha a baki ita ta fi tsada a jiki, ta tsakiya kuma ta doke su duka. Gwajin da ya kamata in yi bai fi minti ɗaya ba: a ja zif sama da ƙasa sau uku, a murza cikin ƙyallen a ga ko zai yi gari, sannan a kara shi a baki a hura da ƙarfi, tafin hannu na ɗaya gefen. In ka ji numfashinka, iskar hunturu ma za ta wuce.

A yankinmu wannan lissafi na kullum yana da abokin gwadawa, wato wuta. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna wa duniya abin da mu muka tashi a ciki: gona na jingine da gona, ba a barin saura, kowace bishiya da mai ita. Babu dajin da yaro zai shiga ya yo itace kyauta. Kara kuma aikinsa ya yi masa yawa, shi ne danga, shi ne abincin dabba, shi ne makamashin tuwo. Duk damin da aka ƙona don jin ɗumi ya tafi ke nan, gobe sai wani. Suwaita kuwa gobe tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin gidaje da ta fitar a 2018, ta ce kada ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 18 a lokacin sanyi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana riƙe zafin rana ya saki da dare. Ɗakin bulo da kwano kuwa, wanda duk muka koma yi, da ya huce sai ya bi sanyin waje. Mutane sai su cike giɓin da kaskon garwashi a rufe ƙofa, abin da ke jawo gobara da shaƙar iskar gawayi mai kisa ba tare da wari ba. Bargo ɗaya da hula sun fi wannan kasada sauƙi.

Yara su ne ya kamata a fara saya wa, kuma su ne aka fi yi wa kuskuren awo. Kan babba kashi 9 ne cikin 100 na faɗin fatarsa, na jariri kuwa ya kai kashi 18, ninki biyu. Hular sanyi a kan jinjiri ba ado ba ce, babban yanki na jikinsa ta rufe, da kuɗin da bai kai na ƙaramar riga ba. Zafin jikin sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5, wankan asuba a tsakar gida kuwa yana iya sauko da shi cikin 'yan mintoci. Lambobin da ke wuyan kayan yara na Turai, 92, 104, 116, 128, 140, tsayin yaro ne a santimita. A can 104 na ɗan shekara 4 ne, 128 na ɗan shekara 8. Kada a bi shekarun. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 57 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, saboda haka ɗan shekara biyar ɗinmu sau da yawa rigar ɗan uku ko huɗu ce daidai shi. A auna yaro da igiya, a ƙulla, a sayi lamba ɗaya sama da tsayinsa don ta kai baɗi, ta kuma gangaro wa ƙane. Na manya ma haka: 48, 50, 52 na Turai rabin kewayen ƙirji ne a santimita, mai lamba 50 na ƙirji mai 100 ne.

Lokacin saye shi ne inda manomi ya fi cutuwa. Ranar da hazo ya sauka aka tashi da sanyi, ranar kowa ke tuna rigar sanyi, ranar kuma ɗan gwanjo ke ɗaga kai. Wannan lokaci ne kuma hatsi ya cika kasuwa, daga Dawanau har ta ƙauye, farashinsa a ƙasa. Ka sayar da gero a lokacin arharsa, ka sayi riga a lokacin tsadarta. Masu cewa a bari sai Maris, sa'ad da mai kaya ke neman uwar kuɗinsa ya koma sarin kayan zafi, sun yi gaskiya a lissafi, sai dai a watan nan hankalin magidanci yana kan taki da iri, ba wanda zai fitar da kuɗi don sanyin da sai bayan wata tara. Ni a ganina Oktoba ta fi, da kuɗin gyaɗa ko riɗi na farko, kaya sun fara isowa, sanyi bai iso ba. Ko yaushe aka je kuma, a raba kuɗin rigar da kuɗin kwanon gero na ranar. Buhu kwano 40 ne. Mutum ya ji riga ta ci masa kwano nawa, sannan ya ce ya saya ko a'a.

Wanda kuwa tafiya ta kama shi zuwa inda ƙanƙarar take, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa, ya ce bari ya ɗana wasan zamiyar, shi dubu goman tasa ce, don zai faɗi ya fi a ƙirga kuma kowace faɗuwa a kan ruwa ce. Ba abin nesa ba ne kamar da. Akwai Ukaimedan a duwatsun Atlas kusa da Marrakesh a Maroko, akwai Afriski a Lesotho, sama da mita 3,000, inda ake wasa daga Yuni zuwa Agusta. Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, ya wakilci Najeriya a tseren ƙanƙara a gasar Olamfik ta hunturu a Beijin a 2022. Mai zuwa Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005 a cikin katafaren kanti, kada ya sayi riga ko wando, suna cikin kuɗin tikiti. Mai zuwa dutse na gaske kuma ya biya ta Ƙofar Wambai kafin ya hau jirgi, ya mayar da rigar garinsu.

Kawu dai bai yanke ƙyallen ƙugun ba. Na ce ya ɓalla maɓallan ya hau babur ya ji, ya dawo ya ce iskar da ke shigar masa ta ƙasa ta daina. Bana ya ƙara da suwaita mai launin toka da yake sawa in ya sauka aiki, jar rigar kuma ta zama ta hanya kawai.

In za ka ci kasuwa wannan makon, ka tafi da igiyar awon yaran a aljihu. In canji ya ragu, ka leƙa tarin masu mataccen zif ka zaɓi masu lafiyayyen ƙyalle guda biyu, tela zai sa musu sabo, tsangayar unguwarku tana da masu sawa.